Daga Rajista Zuwa Allon Kwamfuta: Yadda Alƙaluman Ɗambatta Ke Zama Hoto

Duk ƙarshen wata, a ƙananan asibitocin da ke mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Ɗambatta, akwai aikin da ba ya jiran kowa. Da zarar an sallami mai jego ta ƙarshe, inchaji zai jawo rajistoci ya jera a tebur: ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafin yara, ta marasa lafiyar da aka duba suka koma gida, da katin shige da ficen magani. Zai bi su layi-layi da biro yana ƙirga yara nawa suka karɓi allurar farko, nawa suka dawo ta uku, mata nawa suka sauka a hannun ma'aikaciya, mutum nawa gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro. Jimillar zai zuba a fom ɗin wata, ya sa hannu, a kai shi sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A can ne jami'in bibiya da tantancewa ke shigar da lambobin cikin DHIS2, rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙera manhajarsa.

Daga nan lambobin sun bar gida. Wani jami'i a Kano, wani a Abuja, wani ma a ofishin masu ba da tallafi a ƙetare, kowa na iya buɗe kwamfutarsa ya ga Ɗambatta a taswira, an shafa mata kore, ko rawaya, ko ja. Da wannan launi ake yaba wa shugabanni, da shi ake tuhumar ma'aikata, da shi kuma ake yanke inda za a tura magani da kuɗi. Yadda rubutun biro ke rikiɗa ya zama launi a allo, da irin gaskiyar da ke zubewa a hanya, shi ne abin da wannan rahoto ya bi diddiginsa.

Manhajar da aikinta

Manhajojin da ke wannan aiki ana kiran su BI a taƙaice. 'Yan kasuwa aka fara yi wa su, don mai kamfani ya ga ciniki da kaya da riba a shafi guda. Fitattu a cikinsu su ne Power BI ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito kasuwa sosai a 2015. Sai Tableau, da aka kafa a 2003, wadda kamfanin Salesforce ya saye a 2019. Da Looker Studio ta Google, wadda aka kuma sani da Data Studio. Akwai kuma na kyauta da kowa ke iya girkawa a na'urarsa, irin su Metabase da Apache Superset.

Ko wacce aka ɗauka, matakan aikin kusan iri ɗaya ne. Da farko a jona manhajar da wuraren da bayanai suke: takardar Excel, ko fom ɗin waya na KoboToolbox da ODK da ma'aikatan gida-gida ke cikewa, ko rumbu irin DHIS2, wanda ke da ƙofa ta musamman da wasu manhajoji ke zuƙo lambobi ta cikinta. Na biyu a tsaftace su: a cire abin da aka shigar sau biyu, a daidaita rubutun sunaye da kwanan wata. Na uku a ɗaura jadawali da jadawali ta hanyar wani abu da suka yi tarayya a kai, kamar lambar asibiti. Na huɗu a rubuta lissafin da ake so. Sai a ƙarshe a zana hoto, a jera shi a allon bayanai, wanda ma'aikata ke ce wa dashbod, a saita shi ya riƙa sabunta kansa duk lokacin da sababbin lambobi suka shigo.

Mai kallo zane kawai yake gani, amma zanen shi ne mafi sauƙi. Kamar tuwo ne: surfe da bakace da niƙa da tankaɗe su ke cinye yini, kwasa a malmala kuwa aikin ɗan lokaci ne.

Darasin shan-inna

Jihar Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma yaƙi da cutar shan-inna ne ya shigar da ita. Bayan dakatar da rigakafin a 2003 da komawa gare shi a 2004, an shafe shekaru ana zagaye gida-gida, rahotanni na cewa an ɗiga wa kusan kowane yaro, cutar kuma tana ci gaba da nakasa yara. A 2012 kaɗai an samu yara 122 da ta kama a Nijeriya.

A shekarar ce aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a Kano da wasu jihohin Arewa, da taimakon ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano. Abin da cibiyar ta yi shi ne ta tara bayanan da a da kowa ke riƙe da nasa, ta ɗora su a allo guda. Aka maye gurbin taswirorin da ake zanawa da hannu da waɗanda aka fitar daga hotunan tauraron ɗan'adam. Aka ba ayarin masu ɗiga rigakafi wayoyin da ke ajiye sawunsu duk bayan 'yan mintoci. Da yamma sai a kwashe sawun a ɗora shi a kan taswira, a gefe kuma ga takardar ƙirgen da ayarin ya kawo.

A nan asiri ya riƙa tonuwa. Ayarin da takardarsa ta ce ya gama ƙauye kaf, sai a ga sawunsa bai wuce bakin hanya ba. Aka kuma gano ƙananan ƙauyuka da rugage da babu sunansu a jerin kowa. Wannan ya fi shafar ƙasa irin ta Ɗambatta, inda jama'a ke da yawa amma gidaje a warwatse suke cikin gonaki, ga iyaka da Jihar Jigawa ta ɓangaren Kazaure da Ɓaɓura, inda kowane ɓangare ke iya zaton unguwar bakin iyaka ta maƙwabcinsa ce. Adadin masu kamuwa a ƙasar ya sauko zuwa 53 a 2013, ya koma 6 a 2014. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida su suka ɗauki nauyin aikin. Gudummawar allo ita ce ya hana a ci gaba da yaudarar kai, domin ya sa shaidu biyu sun fuskanci juna.

Kore a allo, ja a ƙasa

Ana cikin wannan yaƙi aka waiwayi rigakafin yau da kullum. A ƙarshen 2012 gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates don farfaɗo da shi. A watan Nuwamban 2014 kuma Kano ce jihar farko da aka gwada sabon allon rigakafi a cikin DHIS2, kafin a kai shi sauran jihohi. Tun daga lokacin jami'in rigakafi na kowace ƙaramar hukuma, har da Ɗambatta, yana iya ganin asibitin da ya kawo rahoto a kan kari, da wanda ya yi zaman rigakafin da ya tsara, da wanda ya fita ƙauyuka.

Sai dai an sha mamaki. Binciken gida-gida na ƙasa da aka yi a 2016 zuwa 2017, wanda ya duba katunan yara ya kuma tambayi iyaye mata, ya nuna kashi 33 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijeriya suka karɓi allurar rigakafin Penta ta uku. A Kano kashi 16 ne, a Sakkwato kashi 3. Alhali rahotannin wata-wata suna nuna adadin da ya ninka haka nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi a 2017. Ɓarkewar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, ta sake tabbatar da cewa yaran da aka tsallake suna nan da yawa.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi ta zana. Matsalar ita ce allon da ya dogara da majiya ɗaya ba shi da yadda zai ƙaryata ta. Shi ya sa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta samar da dandalin MSDAT, wanda ke jera lambar rahoton wata-wata kusa da ta binciken gida-gida da ta ƙiyasin hukumomin duniya, mai karatu ya ga tazarar da idonsa.

Inda gizo ke saƙar

Duk wanda ya zauna zai haɗa majiyoyin Ɗambatta a allo guda, abubuwa uku ne za su fara tare masa hanya.

Na farko suna. Wata takardar ta rubuta Dambatta, wata Danbatta, wata ma ta yar da harafi guda. Ɗan'adam ya san gari ɗaya ne, kwamfuta kuwa garuruwa uku take gani, sai ta raba jimilla gida uku ko ta watsar da biyu ba tare da ta ce uffan ba. Haka abin yake a sunayen mazaɓu irin su Goron Maje, Fagwalawa, Gwarabjawa, Ajumawa da Sansan, balle asibitocin da aka ɗaga darajarsu aka sauya musu suna. Maganin shi ne a yi jadawalin uwa guda, kowane asibiti da kowace unguwa da lambarta da ba ta sauyawa, duk sauran jadawalai su rataya a jikinsa.

Na biyu lokaci. Rahoton asibiti na wata-wata ne, na sa ido kan annoba mako-mako ne, manhajar SORMAS da aka fara gwadawa a Kano da Oyo a 2015 kuwa mutum-mutum take ɗauka a ranar da aka gan shi. Mako na iya farawa a wata ɗaya ya ƙare a wani. In ba a gina jadawalin kwanaki da zai sulhunta su ba, sai a kwatanta abin da bai kwatantu ba.

Na uku, wanda ya fi sauran wuya, shi ne yawan jama'a. Kafin a ce kashi kaza na yara sun samu allura, sai an san yara nawa ne gaba ɗaya. Ƙidayar 2006 ta ba Ɗambatta mutum 207,968. Ƙa'idar da ake bi ita ce a ɗauki kashi huɗu cikin ɗari a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara, wato kimanin 8,300 a wancan lokaci, sannan a riƙa ƙara kashi uku da ɗoriya duk shekara. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, don haka har yanzu ƙiyasi ake ɗorawa a kan ƙiyasi. Ga kuma kasuwar Lahadi ta Ɗambatta da ke jawo mutane daga Makoɗa da Kazaure da wasu wurare, ga makiyaya masu wucewa. Uwar da ta zo daga wata ƙaramar hukumar aka yi wa ɗanta allura a cikin gari, an ƙirga allurar, amma ɗan ba ya cikin jimillar da za a raba da ita. Ta haka asibitin cikin gari kan nuna sama da ɗari bisa ɗari, na ƙauyen da ta baro kuma ya yi ja.

Shi ya sa ƙwararru suka fi amincewa da lissafin da ba ya buƙatar ƙidaya. A ce wani asibiti ya yi wa yara 50 Penta ta farko, wadda ake yi a mako na shida, amma 35 ne suka kai ta uku a mako na goma sha huɗu. Yara 15 sun zube a hanya, kashi 30 ke nan, alhali abin da ya haura kashi 10 ana ɗaukar sa alamar matsala. Ko kuma a jona rahoton allura da katin ma'ajiyar sanyi. Kwalbar Penta ta yara goma ce. Asibitin da ya ce ya yi allura 120 amma kwalba takwas ya buɗe, lissafinsa ya ƙi ci, domin kwalba takwas ba ta wuce allura 80. Ko rahoton ne aka kumbura, ko katin ne ba a cike ba. Ko wanne ne, mai duba aiki ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Babu ɗaya daga cikin takardun biyu da za ta nuna wannan ita kaɗai.

Akwai majiya ta uku da Kano ta yi fice da ita: masu unguwanni. A tsarin da masarauta ta shigo ciki, mai unguwa kan rubuta jariran da aka haifa a unguwarsa, da taimakon wanzamai da ungozomomi da limamai, sannan a zauna da ma'aikacin asibiti a gwada jerinsa da rajista. Ba ƙaramin sauyi ba ne a ƙasar da ƙirge ya daɗe yana nufin biyan kuɗi. Tun zamanin Turawa dagatai da masu unguwanni ke ƙirga magidanta don haraji da shanu don jangali, har sai da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Ɓurɓushin wannan tsoro bai gama gushewa ba, kuma duk mai neman lambobi a karkara sai ya yi la'akari da shi.

Wane hoto, don wa?

In an gama haɗawa, saura zane, kuma nan ma ana yin ɓarna. Tambaya ce ke zaɓar hoto. Mai son kwatanta mazaɓu goma, sanduna goma a jere daga babba zuwa ƙarama sun ishe shi. Mai son ganin yadda zazzaɓi ke tashi daga tsakiyar damina zuwa kaka, layi ne zai nuna masa, musamman in an shimfiɗa na bana a kan na bara. Taswira mai launi tana da daɗin kallo amma tana da yaudara: mazaɓa mai faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a takan cika ido, mai cunkoso kuma ta zama ɗigo. Da'irar da aka yanka gida goma kuwa ba mai iya karanta ta.

Launi ma yana da nasa haɗarin. Idan ja na nufin takardar tuhuma ko riƙe alawus, ma'aikaci zai koyi yadda ake mayar da shi kore da biro. Allon da aka yi don kama ɓarawo shi ke haifar da lambobin ƙarya. Wanda aka yi don tambayar me ya hana, ko babur ne ya lalace, ko firji ne ya mutu, ko ruwa ne ya yanke hanya, shi ke samun gaskiya.

Gona da kasuwa

Fannin lafiya ya yi gaba ne saboda yana da fom guda da rumbu guda. Noma, wanda shi ne rayuwar Ɗambatta, lambobinsa a warwatse suke. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Akwai ma'aunin ruwan sama na tauraron ɗan'adam mai suna CHIRPS, wanda ke da tarihi tun 1981, kuma kyauta ne. Malaman gona na KNARDA suna da jerin manomansu, ƙungiyoyin masu noman rani a madatsar Tomas suna da nasu, masu karɓar kuɗin shiga a kara suna yanka rasit a kan kowace dabba, dillalan hatsi kuma sun san farashin kowace Lahadi da ka.

Duk waɗannan suna haɗuwa a allo guda in an so. Ɗalibi ɗaya daga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, da waya da fom ɗin Kobo, zai iya ɗaukar farashin gero da dawa da wake da gyaɗa duk mako, a jera shi da na kasuwar Dawanau. Cikin shekara biyu manomi zai ga watan da ya fi dacewa ya buɗe rumbunsa, da ko kuɗin mota zuwa Kano zai fita. Amma a nan ma sai an fara da daidaita ma'auni. Buhu galibi tiya 40 ake lissafa shi, sai dai tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, kuma awon mai saye da na mai sayarwa ba ɗaya ba ne. Sai an mayar da komai kilo kafin layin da ke allo ya zama abin dogaro.

Wuta, dala da amana

Kayan aikin ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, amma ba kyauta suke ba. Power BI ta kan kwamfuta ba a biyan ko sisi, sai dai Windows kawai take hawa, kuma raba allo ga abokan aiki a asirce yana buƙatar lasisin wata-wata da ake biya da dala a kan kowane mutum. Masu gudun kuɗin kan danna maɓallin wallafawa a intanet, wanda ke buɗe allon ga duk wanda ya samu adireshinsa. In akwai sunan mace mai ciki ko lambar wayarta a jadawalin da ke ƙarƙashi, an ci amana, an kuma taka Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ƙa'ida ita ce suna ya tsaya a asibiti, jimilla ce kawai ke hawa allo.

Wuta da sabis su ma sai an yi dabara. Ɗan garin, Farfesa Umar Garba Ɗambatta, ya shugabanci hukumar sadarwa ta NCC daga 2015 zuwa 2023, shekarun da intanet mai sauri ta bazu sosai a ƙasar, amma har yau akwai ƙauyukan da sai an nemi tudu kafin saƙo ya tafi. Fom ɗin Kobo da ODK suna aiki ba sabis, su tura in an samu. Allon ma ana iya buga shi a takarda shafi guda, ko a tura hotonsa ta WhatsApp.

Masu iya aikin kuwa suna ƙaruwa. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 yana koyar da nazarin bayanai da zana su, ga ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Wudil, ga 'yan makarantar ungozoma ta cikin garin da suka san rajista ciki da bai. Wanda ya san cewa hanyar wani ƙauye ba ta biyuwa a watan Agusta ya fi baƙon ƙwararre saurin gane dalilin da layi ya faɗi.

Wa zai riƙe allon?

Kusan duk allunan da aka ambata an gina su ne don na sama ya leƙo ƙasa. Kwamitin ci gaban mazaɓa, da kansila, da dagaci, waɗanda su ne za su iya aika yaro ya kira uwar da ba ta dawo ba ko su matsa a gyara firji, su ne suka fi ƙarancin ganin hoton. Shafi guda da Hausa, mai ɗauke da tambaya uku ko huɗu, a karanta shi a taron wata na kowace mazaɓa, zai fi allo mai shafi ashirin da ke Abuja amfani ga mutumin mazaɓar Kore ko ta Saidawa.

Lokacin ma ya zo da dalili. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk ranar da hukuncin ya tabbata a aikace, majalisar Ɗambatta ce za ta zaɓi mazaɓar da za a fara haƙa wa rijiya, da asibitin da za a ƙara wa ma'aikata, da hanyar da za a fara yi wa kwalbati. Majalisar da ba ta da jadawalin unguwanninta da lambobin da ta tantance da kanta, za ta raba kuɗin ne bisa wanda ya fi ɗaga murya. Abin da aikin ke buƙata bai taka kara ya karya ba: kwamfuta mai sola, ma'aikata biyu da ba za a yi ta sauya musu wurin aiki ba, da shugaban da zai yarda a nuna masa ja a gaban jama'a.